Filin Shawara: Ƙyallen da Ya Saura a Gindin Keke

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma da alama sanyin ya tuna wa jama'a buhunan ƙyallayen da suka cusa a ƙarƙashin gado, domin wasiƙu da yawa na wannan makon a kansu suka zo. Na zaɓi huɗu. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunaye.

Yayar maigidana ta ce suturar mahaukata ce

Gwaggo, barka da war haka, Allah ya ƙara girma. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ina ɗan taɓa ɗinki a gida da keken da aka saka mini a kayan ɗaki. Shekara da shekaru ina tara ragowar atamfar da na ɗinka wa kaina da yara, har ta cika buhu. Bana bargo ya yi tsada, sai na ce bari in harhaɗa su in yi wa yaran abin rufa. Na fara ke nan sai ga yayar maigidana. Ta ɗaga ta duba, ta ce wannan ai suturar mahaukata ce, in na shimfiɗa shi a ɗaki zan ja wa ƙaninta zagi, a ce ya kasa saya wa iyalinsa bargo. Maigidan yana zaune bai ce uffan ba. Tun ranar na naɗe aikin, jikina ya yi sanyi. Gwaggo, abin kunya ne? In ba abin kunya ba ne, ki koya mini yadda ake yi, don wanda na fara ma ya karkace.

Daga wata uwar 'ya'ya, Funtuwa.

'Yata, ki warware naɗin nan ki koma kan kekenki. Babu abin kunya a aikin da kika ɗauko. Macen da ta dubi sanyi, ta dubi aljihun mijinta, ta tashi ta suturta 'ya'yanta da abin da ke hannunta, irinta iyaye ke roƙon Allah ya haɗa ɗansu da ita.

In abin ya sake yi miki nauyi a zuciya, ki tuna hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau. 'Yan lifidan nan da ke tafe dab da sarki, su da dawakansu a lulluɓe, me suka sa? Lifidi ai yadi ne sama, yadi ƙasa, aka cusa auduga a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Sau da yawa fuskarsa ma ƙyallaye ne masu launi daban-daban aka harhaɗa. Kakanninmu sun yi shi ne don ya tare kibiya da kaifin takobi, yau kuma ado ne a fada. Dabarar da aka yi lifidi da ita, da ita za ki yi bargon yaranki. Haka luru da rigar saƙi: masaƙi ba ya fitar da su da faɗinsu, siraran saƙa ne ake jerawa a haɗa gefe da gefe da allura. Haɗe-haɗe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, mun dai yi watsi da shi ne da bargon kanti ya samu.

Littattafan tarihi kuma sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana Halifa ana ganinsa da tufa mai faci. A Sudan, mabiya Mahadi Muhammad Ahmad, waɗanda suka ci Khartum a 1885, jibba mai faci ce alamarsu. Da farko facin gudun duniya ne, daga baya ya zama ana yanka shi da tsari ana jerawa, manyan mayaƙansu na sawa. A Senegal har gobe da rigunan haɗe-haɗe ake gane 'yan Baye Fall, almajiran Shehu Ibra Fall.

Sai dai kada ki kwashi wannan ki je ki yi wa yayar mijinki lacca. Yaya ce, kuma kishin ɗan'uwanta ne ya motsa ta, ko da bakinta ya yi kaifi. Wanda za ki yi magana da shi maigidan ne, ku biyu, bayan yara sun kwanta. Shirun da ya yi ranar ba lallai ne goyon bayanta ba. Maza da yawa ba sa iya musa wa yayyensu a gaban mace. Ki tambaye shi kai tsaye: "Maigida, akwai abin da ka ƙi a aikin nan?" In ya ce ba ya son baƙi su gani a falo, ki bar shi a ɗakin yara, ai don su kika yi. Ita kuwa yayar, maganarta tana da ƙwaya ɗaya ta gaskiya da ba zan ɓoye miki ba: haɗe-haɗen da aka yi da garaje tsumma yake komawa. Wurin yanka da wurin guga ake raba tsumma da ado, kuma a nan ne naki ya karkace.

Ki fara da zazzage buhun a tabarma ki ware. Atamfa ta zauna da atamfa, shadda da shadda. Leshi da yadi mai santsi da yadin roba mai talewa, ki kai su gefe, ba na wannan aikin ba ne. In kina shakkar wani ƙyalle, ki yanki ɗan ƙarami ki kai bakin wuta a tsakar gida: auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Auduga kike nema, ita ce ke jure guga da wanki, ita ce kuma ba ta sa yaro zufa.

Daga nan sai wanki, kuma kada ki tsallake shi don ganin ƙyallayen sababbi ne. Auduga tana tsukewa a wankin farko. In kika haɗa wanda ya taɓa shan ruwa da wanda bai taɓa ba, ranar da kika wanke bargon ɗaya zai ja ɗaya, fuskar ta tattare. Ki jiƙa masu duhu daban, masu haske daban. Duk wanda kika ga yana zuba, ki ta sake masa ruwa har ya daina, in ya ƙi ki fitar da shi. Su bushe, ki goge su sumul.

Yanzu ki nemi kwali mai kauri ki yanka murabba'i, inci 6 kowane gefe, ki tabbata kusurwoyinsa daidai suke. Shi ne ma'auninki, kowane ƙyalle a kansa za ki zana da alli ko guntun sabulu, sannan ki sa almakashi. Ki ɗora kwalin yana bin zaren saƙar yadin, domin wanda aka yanka a karkace talewa yake yi a ƙarƙashin keke, ina kuma kyautata zaton abin da ya sami naki ke nan. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, kowane gida ya tashi inci 5. Bargon yaro mai inci 40 da 50 zai ci gida 80, takwas a faɗi, goma a tsawo. Na babba mai inci 60 da 80 zai ci 192. Ki fara da na yaro. Siraran ƙyallayen da ba su kai kwalin ba kuma kada ki zubar: ki yanka tsohon zani daidai kwalin, ki riƙa jera su a kansa kina ɗinkewa ɗaya bayan ɗaya har ya rufe, ki datse gefen, kin sami gida guda.

Kafin ki taɓa keke, ki jera gidajen duka a ƙasa ki ja baya ki duba. Atamfa tana da surutu, kowace tana son a gan ta, saboda haka ki riƙa raba tsakaninsu: mai duhu, mai haske, mai duhu, mai haske. In kina da yadi marar zane, baƙi ko shuɗi ko ruwan madara, ki sa shi tsakanin kowane gida biyu, ido ya sami wurin hutawa. Ki ɗauki hoton jerin da waya ki mai da shi baƙi da fari, nan take za ki ga inda duhu ya taru ya yi yawa.

Ki manna 'yar filasta a farantin keken, rabin inci daga allura, bakin yadi ya riƙa bin ta, don kowane ɗinki ya zo daidai da ɗan'uwansa. Ki haɗa layi-layi. Duk layin da kika gama ki goge shi, ki kwantar da bakin ɗinkin layi na farko dama, na biyu hagu, na uku dama. In kika zo haɗa layukan za su shiga juna, mahaɗar ba za ta yi tudu ba.

Saura ciki da baya. A ciki ki sa tsohon bargon da ya sire, ko tsofaffin zannuwa biyu ko uku. Ki guji soson katifa, yana riƙe ruwa kuma yana marmashewa. Na baya yadi ɗaya ya fi kyau. Bargon babba sai kin haɗa tsawo biyu na atamfa, turmi guda mai yadi shida zai ishe ki har ki sami na baki. Ki shimfiɗa na baya fuskarsa ƙasa, na ciki a kai, haɗe-haɗen a sama, ki miƙe su sosai, ki kama su da ɗinkin wucin gadi kina farawa daga tsakiya zuwa gefe. Sannan ki zauna da allura da zare mai kauri ki bi shi da ɗinkin hannu, layi bayan layi, tazarar yatsu uku ko huɗu. In lokaci ya ƙure miki, ki ɗaure shi kawai: a kowace mahaɗa ki soka zare ya ratsa ukun, ki dawo da shi ki ƙulle. A ƙarshe ki yanka dogon yadi mai faɗin inci 3 ki naɗe bakin da shi.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: wannan bargon na yaran da suka tasa ne. Jaririn da bai shekara ba kada a lulluɓe shi da shi yana barci, yana da nauyi, zai iya rufe masa hanci. A sa masa rigar sanyi da safa, bargon ya zama shimfiɗar zamansa da rana.

Ta gane atamfarta a jikin filo

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni tela ne, ɗinkin mata nake yi a shago. Lokacin Sallah ƙyalle yakan taru mini har in rasa wurin taka ƙafa, da can yara nake ba su kai bola. Sai matata ta fara kwasa tana yin rigar filo da shimfiɗar jarirai tana sayarwa a unguwa, muna samun na cefane. Kwanaki wata mai kawo mini ɗinki ta je barka wani gida ta ga atamfarta a jikin filo. Ta zo shago ta yi mini tas a gaban yarana, ta ce ni ɓarawo ne, ta kwashe ɗinkinta. Gwaggo, abin da za a kai bola ne fa. Ina laifina a nan?

Daga wani tela, Zariya.

Ɗana, na ji zafin a ci mutuncinka a gaban yaran shagonka, kuma ba ta kyauta ba da ta zaɓi wannan hanyar. Amma a kan asalin maganar ita ce mai gaskiya, kuma gara ka ji daga bakina.

Yadin da aka kawo maka amana ne. Kuɗin ɗinki ka karɓa, ba a sayar maka da yadin ba, abin da ya saura kuwa na wanda ya saya ne. Na san a shaguna an saba, 'yan ƙananan ɓarɓashin da ke faɗuwa a gindin keke babu mai tambayarsu, kuma al'ada tana da ƙarfi a irin wannan. Amma ƙyallen da ya isa ya fito a fuskar filo har mai shi ta gane zanensa daga nesa ya wuce ɓarɓashi. Wanda zai yi aljihu, ko hannun riga, ko facin zanin ranar da ƙusa ta kama shi, ko 'yar rigar jariri, dukiya ce. Hujjarka cewa bola za a kai ta rushe ranar da ƙyallen ya fara kawo kuɗi.

Ka kuma dubi abin ta idonta. Wata atamfar daga lefenta ta fito, wata ankon bikin 'yarta ce, wata mijinta ne ya saya mata da guminsa. Sannan ka san mutanenmu: akwai masu tsoron guntun tufarsu ya faɗa hannun da ba su sani ba, don fargabar sammu. Ko ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, tsoron yana nan a zukata, kuma mai sana'ar da mata ke ba amanar tufafinsu dole ya yi la'akari da shi.

Ka je ka ba ta haƙuri a gidanta, kai da matarka ko da wata dattijuwa da take jin nauyinta. Kada ka tsaya kare kanka. Ka ce ka yi kuskure, ka miƙa mata kuɗin filon, in ta karɓa to, in ta yafe to. Ko ba ta dawo da ɗinkinta ba, labarin da za ta kai unguwa zai canza.

Daga yau ka mai da tambayar cikin awo. Kana auna kafaɗa kana cewa, "Hajiya, ragowar a sako miki ko a bar mana? Iyalina na yin shimfiɗa da ita." Ka yi alama a littafin awo kusa da sunanta. Wadda ta ce a sako, ka naɗe ka sa a ledar kayanta komai ƙanƙantarsa. Za ka ga mafi yawansu cewa za su yi a bar maka, wasu ma su ce a yi musu filo biyu su biya. Ka ajiye buhu biyu a shago, ɗaya na wanda aka halatta maka, ɗaya na wanda ke jiran mai shi, ka kuma koya wa yaranka bambancinsu. Tsohon tarin da ke gida, wanda ka san masu shi ka neme su. Wanda ka kasa tunawa, ka ƙiyasta kuɗinsa ka yi sadaka da niyyar ladan ya je gare su, ka kuma zauna da malamin unguwarku ya ƙara maka haske.

Akwai wani tarko da nake so ka sani tun bai kama ka ba. Da zarar ƙyalle ya zama kuɗi, almakashi yakan fara rowa: a matse siket kaɗan, a rage tsawon ɗankwali, don ragowar ta yi auki. Telan da ya faɗa nan ya gama da sunansa. Ka yanka wa kowa haƙƙinsa cif, abin da ya faɗo da kansa shi ne rabonka.

Sana'ar matarka kuwa kada ta tsaya. Ƙyallen da aka kai bola a kwata yake ƙarewa ya toshe hanyar ruwa da damina, ko a cinna masa wuta unguwa ta shaƙi hayaƙin roba. Ita ta samo masa amfani, kuma kuɗin aikin hannunta nata ne. In tana sa shi a cefane, kyauta ce take yi maka, ka riƙa gode mata.

Zannuwan mahaifiyarmu

Gwaggo, mahaifiyarmu ta rasu bara da azumi. Ni ce babba, mu shida ne, biyu ba su balaga ba, mahaifinmu yana raye. Ta bar akwati cike da zannuwa, wasu sababbi ko ɗinkawa ba a yi ba, wasu sun sha jiki har sun koɗe. Ƙanina ya ce a kwashe duka a yi sadaka. Ni kuma ina so in yayyanka su in haɗa bargo in riƙa rufa da shi, don har yanzu ƙamshin turarenta yana jikinsu. Mun yi sa-in-sa, yanzu ba ya ɗaga wayata. Ni kuwa ko buɗe akwatin na yi sai kuka. Me zan yi?

Daga wata marainiya, Gombe.

Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yata, ke da ƙaninki ciwo ɗaya ke damunku. Shi yana so ya aika mata da lada, ke kina so ki riƙe abin da ya taɓa jikinta, kuma babu wanda ya yi laifi a cikinku. Amma kafin burinki ko nasa akwai hukuncin da ya riga ku: tufafin mamaci gado ne. Mahaifinku yana da rabo a ciki, ku shidan kuna da shi, kuma rabon ƙananan nan biyu babu mai ikon bayar da shi sadaka ko sa masa almakashi, ko da yayarsu ce. Saboda haka ki ajiye almakashin tukuna. Ki sami mahaifinku ki ce a kira malami a ƙiyasta kayan akwatin a shigar da su cikin rabo. Sababbin turamen da masu tsada kuɗi ne, a lissafa su a matsayin kuɗi.

In an yi haka, rigimar ta kusa mutuwa da kanta. Ƙaninki ya yi sadaka da rabonsa, duk mai so ya bi shi. Ke kuma ki ce a ba ki tsofaffin a naki rabon, waɗanda suka koɗe, waɗanda ko an bayar ba za su yi wa mai karɓa wani amfani ba. Su ne ma suka fi dacewa da abin da kike so, don su ne ta ɗaura tana tuƙa muku tuwo, su ne ta goya ku da su. Ki kira ƙanin naki, in bai ɗaga ba ki taka ki je, ke ce babba, ki ce masa kin yarda a yi sadaka kuma ke ma za ki sa hannu. Ki tuna bargo ba zai kai mata komai a kabari ba, addu'arku da sadakarku ne ke kaiwa. Bargon naku ne, ku da kuka rage.

Ba ke kika fara jin wannan buƙatar ba. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye a lanƙwasar kogi da ake kira Gee's Bend, mazaunansa jikokin bayi ne baƙar fata da suka yi noman auduga a wurin. Matan ƙauyen sun gaji haɗa barguna da tsofaffin kayan gona da buhunan da suka ƙare, don gidajensu na katako ba sa tare sanyi. Ɗaya daga cikinsu, Missouri Pettway, da mijinta ya rasu ta tattara tufafin da yake zuwa gona da su ta haɗa bargo a 1942, ana ganin sawun gwiwarsa a jikin yadin inda ya koɗe. A 2002 aka baje kolin bargunan matan ƙauyen a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu a jikin kan sarki. Matar nan ba don baje koli ta yi nata ba, don kewa ta yi, irin wadda ke damunki.

Ga abin da nake ba ki shawara a aikin kansa. Ki zaɓi zani ɗaya, wanda ƙamshin ya fi kamawa, ki naɗe shi a leda ki ajiye, kada ki wanke kada ki yanka. Sauran dole su sha ruwa, kuma ƙamshin zai tafi. Gara ki san haka tun yanzu. Kowane zani ki ɗaga shi a rana ki duba: inda haske ke ratsawa sosai ya mutu, ki kauce masa, gefe-gefe ya fi tsakiya ƙarfi. Wanda ya yi laushi amma ba kya son rabuwa da shi, ki manna masa farin yadin nan mai gam da teloli ke sa wa wuyan riga, ta baya, kafin ki yanka. Gidajen su zama manya, inci 8 ko 10, don zanen kowane zani ya fito a gane shi. In akwai ƙyalle mai rubutun aya ko sunan Allah, ki fitar da shi daga abin da za a kwanta a kai.

Kuma da za ki ji tawa, da ba babba ɗaya za ki yi ba. Ki yi matsakaita, ƙananan nan biyu su fara samu, domin su ne za su fi saurin manta fuskarta. Ki kira ƙannenki mata ku yi ɗinkin hannun tare, kowa ta kama gefe. Za ku yi kuka, za ku kuma tuna bikin da ta sa wannan da sunan da ta sa wancan, yaran suna ji. In kin buɗe akwatin kin ji ba za ki iya ba, ki rufe, ki sa kanumfari ko ƙwallon asu a ciki, ki bari sai baɗi. Zani ba ya gudu.

Ja ya zuba a kan fari

Gwaggo, ni ɗaliba ce. Na haɗa bargo da hutu, ya yi kyau, na cusa masa audugar tsohon matashi. Wankin farko jan ya zuba a kan farin, audugar kuma ta tattaru a kusurwa ɗaya. In jefar?

Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

Kada ki jefar, 'yata. Matsala biyu ce, kowace da maganinta.

Ki fara da cikin. Ki farke gefe ɗaya ki zaro audugar duka. Sakakkiyar auduga ba ta zama wuri ɗaya sai an ɗaure ta da ɗinki kusa da kusa, kuma ko an yi hakan ba ta son wanki. Da kin fitar da ita, ki jiƙa fuskar bargon a babban baho, ruwa mai yawa da garin sabulu, ki bar shi ya kwana, ki zubar ki sake, har ruwan ya daina yin ja. Kada ki kusance shi da ruwan bilic, zai cinye sauran launukan ya bar miki dabbare-dabbare. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin kanti, kada ki dogara da shi. In an yi haka farin bai dawo ba, ki kai shi marina a tsoma shi a shuni gaba ɗaya. Matuƙar yadin auduga ne zai sha, farin ya zama shuɗi, sauran su yi duhu, zanen atamfar yana leƙowa ta ƙasa.

In ya bushe, ki zura masa tsohon bargo ko zannuwa biyu a madadin audugar, ki miƙe su har kusurwa, ki bi shi da ɗinkin hannu daga tsakiya, tazarar layi da layi kada ta wuce santimita 8, sannan ki rufe gefen da kika farke. Wanki na gaba ki yi shi da ruwan sanyi, ki matse a hankali ba tare da murɗawa ba, ki shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwan kada ya ja ɗinkin.